Yadda Za Ka Raini Manaja Daga Cikin Yaranka

Duk wanda ya taɓa yin aikin Hajji ko Umara tare da 'yan kasuwarmu ya ga wannan: mutum yana zaune a masauki a Makka, waya na kunnensa, yana faɗa wa yaronsa na Kantin Kwari ko Singa nawa zai sayar da kaya, wa za a ba bashi, wa za a ce wa ya dawo gobe. Wani har kuɗin dizal na janareto sai an bugo an tambaye shi. Yara goma ne a shagon, wasu sun fi shekara goma a ciki, amma babu ɗaya da zai yanke hukunci a kan naira dubu hamsin ba tare da ya ji ta bakin maigida ba. In rashin lafiya ta kwantar da shi wata biyu, ciniki ya kwanta tare da shi. In ta Allah ta kasance, sai a raba gado, kwastomomi su watse, bayan shekara biyu ka wuce ka ga an sa wani suna a ƙofar.

Ba wai ba mu iya rainon mutane ba ne. Tsarin ubangida da yaro ya daɗe a ƙasar Hausa: yaro ya shiga hannun ubangida tun yana ƙarami, ya koyi kaya, ya koyi mutane, in ya isa a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Da irin wannan tsari aka yi fataucin goro zuwa Gwanja, da shi aka yi cinikin gyaɗa a zamanin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Sai dai tsarin yana fitar da wanda zai tafi ya kafa nasa ne. Gidan burodi mai ma'aikata talatin, ko injin casar shinkafa, ko makaranta mai zaman kanta, ko kantin magani mai rassa uku, abin da suke nema daban ne: mutumin da zai zauna ya riƙe maka naka, ya shugabanci sauran, aiki ya tafi daidai ko kana nan ko ba ka nan. Irin wannan mutumin ba kasafai ake tsintar sa a shirye ba. Rainon sa ake yi, kuma babban aikin yana wuyan maigida, domin shi ne zai saki abin da ya saba riƙewa. Zan yi misali da gidan burodi, amma matakan za su yi aiki a shago, a ofis, a asibiti, kuma ko mai wurin namiji ne ko mace.

Mataki na farko: fitar da abin da ke cikin kanka

Sami ƙaramin littafi ka sa a aljihu. Har tsawon mako biyu, duk abin da aka zo aka tambaye ka ko aka bugo maka waya a kansa, rubuta shi a layi ɗaya. Fulawa ta kusa ƙarewa, buhu nawa za a sayo. Mai rarraba burodi yana son a ɗaga masa ƙafa kwana biyu kafin ya biya. Mai kwaɓi bai zo ba, wa zai tsaya masa. Injin yanka ya tsaya. Matar wani ma'aikaci ta haihu, yana neman rance. Kada ka tace komai, har da na banza ka rubuta.

Bayan mako biyu, zauna ka kasa su kashi uku. Akwai waɗanda kowane ma'aikaci mai hankali zai iya yankewa da kansa in ya san ƙa'ida, misali in buhunan fulawa suka ragu zuwa kaza a sito, a kira mai kawowa. Waɗannan ba sa buƙatar manaja, ƙa'ida za ka rubuta ka liƙa a bango yau ɗin nan. Akwai waɗanda sai mai jari: buɗe reshe, cin bashin banki, sayen sabuwar tanda, sallamar tsohon ma'aikaci. Waɗannan naka ne, ka riƙe. Kashi na tsakiya, wanda ke buƙatar sanin aiki da sanin mutane amma bai kai a taɓa jari ba, shi ne aikin manajan da kake nema. Kwafe shi a takarda ɗaya. Da yawa suna naɗa mutum su ce masa "ka kula da wurin nan," shi ke nan. Shi bai san inda ikonsa ya tsaya ba, sauran ba su sani ba, kai ma in an matsa maka ba ka sani ba.

Mataki na biyu: wa za ka ɗauko?

A nan aka fi yin kuskure, kuma kuskuren iri uku ne. Wani ya ɗauko wanda ya fi kowa iya aikin hannu. Wani ya ɗauko wanda ya fi kowa daɗewa. Wani ya ɗauko ɗansa ko ƙanen matarsa saboda shi ne ba zai cuce shi ba.

Gwanin kwaɓi ba lalle ne ya iya tafiyar da masu kwaɓi ba. Sau da yawa gwanintar ce ma take hana shi, domin ba ya iya tsayawa yana kallon wani yana yi a hankali, sai ya ture shi ya yi da kansa. Wani bincike da masana tattalin arziki suka buga a Amurka a 2019 ya duba masu sayar da kaya a kamfanoni da dama, ya gano cewa waɗanda suka fi kowa ciniki su aka fi yi wa ƙarin girma, kuma bayan sun zama manajoji cinikin yaransu ba ya kai na yaran manajojin da tun farko aka san su da aiki tare da jama'a. Kamfani ya rasa gwanin mai sayarwa, bai kuma sami manajan kirki ba. Kamfanin Google ma, da ya binciki manajojinsa tun daga 2008 don gano abin da ya bambanta nagari da sauran, iya koyar da na ƙasa ne ya zo a sahun gaba, gwanintar fasaha ta zo a ƙarshen jeri.

Mizanin da muka sani tun muna makarantar allo ya isa. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, an ce mafi alherin wanda za ka ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce. Mu kan riƙe amana mu manta da ƙarfi. Annabi (SAW) ya hana Abu Zarri muƙami duk da tsoron Allahnsa, ya ce masa shi mai rauni ne kuma abin amana ne. Akwai yaron da ko za ka bar masa buhun kuɗi ba zai taɓa ba, amma ba zai iya kallon idon abokin aikinsa ya ce masa ya makara ba. Wannan ma'aji ne nagari, ka ba shi sito ko kuɗi, kada ka ba shi mutane.

Abin da za ka riƙa lura da shi ba a hira ake ganinsa ba, a wurin aiki ake gani. In sabon yaro ya zo, wa yake ja shi gefe ya nuna masa abu ba tare da an sa shi ba? In rigima ta tashi tsakanin biyu, wurin wa suke kai ƙara kafin ta iso gare ka? In burodi ya ƙone, wa ke zuwa ya ce "Alhaji, a hannuna ya faru," maimakon ya jira a bincika? Wa ke iya gaya maka cikin ladabi cewa shawararka ba za ta yi ba? Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau, domin wanda bai taɓa saɓa maka ba ko sau ɗaya, ranar da ba ka nan ba shi da abin da zai dogara a kai. Sannan kada idonka ya tsaya kan maza kaɗai. A wurare da yawa matar da ke kula da naɗe burodi a leda ko rubuta rasit ta fi kowa sanin inda kaya ke zurarewa, amma ba a taɓa tunanin ta ba.

In ɗanka kake so, ba laifi, amma ya bi ta ƙofar da kowa ya bi. Ya kwana a gaban tanda, ya bi motar rabo, ya ji zagin kwastoma. Ma'aikata suna gane wanda ya san aiki cikin kwana uku.

Zaɓi mutum biyu in da hali, kada ka gaya musu dalili, ka ba kowa ɗan aiki mai iyaka: wannan ya tsara aikin dare na mako guda, wancan ya bi bashin masu rabo. Ka ga wanda ya gama, ka kuma ga yadda ya bar mutanen da ya yi aikin da su.

Mataki na uku: kafin ka sanar, ka je wurin dattawa

Kusan kowane wurin aiki a ƙasarmu yana da dattijo ɗaya ko biyu da suka riga kowa zuwa, wataƙila tun zamanin mahaifinka. In ka ɗora yaro ɗan shekara talatin a kansu suka ji a bakin wasu, ka gama da manajan tun bai fara ba. Ba za su yi masa faɗa ba. Za su ce "to" su ci gaba da yadda suka saba, ƙananan kuma su bi su.

Je ka same shi shi kaɗai, gara ma a gidansa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Baba, ina so in ɗora wa yaron nan nauyin gidan nan, kuma na san ba zai iya ba sai da ku. Amana na kawo muku, ku riƙe min shi. In ya karkace ku ja kunnensa a gefe, in ya ƙi ji ku gaya min." Ka ba dattijon matsayi na gaskiya, kamar duba ingancin burodi ko koyar da sababbi, kada ya zama lallashi na baki kawai. Shi kuma yaron ka ja masa kunne cewa muƙami bai sauke masa ladabi ba. Zai ci gaba da cewa Baba, zai ci gaba da fara gaisuwa, kuma in zai ba dattijo aiki zai ce "Baba, da za a taimaka a duba mana tandar nan," amma aikin dole a yi shi. In wani ya ce ƙarancin shekaru ne matsala, a tuna masa cewa Annabi (SAW) ya naɗa Usama ɗan Zaidu shugaban runduna yana matashi, alhali a cikinta akwai manyan sahabbai.

Bayan haka sai ka tara kowa, ka faɗa da bakinka, ka karanta takardar nan ta kashi na tsakiya a gabansu: daga yau waɗannan abubuwa wurinsa za a je.

Mataki na huɗu: koya masa yadda ake koyarwa

Rabin aikin manaja koyarwa ne, kuma yawancinmu yadda aka koya mana shi ne "tsaya ka kalla," sai tsawa in ka ɓata. Akwai hanyar da ta fi wannan. A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri na horaswa a cikin masana'antu, wanda aka fi sani da TWI, saboda ƙwararru suna tafiya fagen daga ana maye gurbinsu da waɗanda ba su taɓa riƙe inji ba. Shugabannin ma'aikata aka riƙa koya wa yadda za su koyar, a zama biyar na awa bibbiyu. Bayan yaƙin shirin ya tsallaka Japan, kamfanin Toyota ya rungume shi tun a shekarun 1950. Taken masu shirin shi ne, in ma'aikaci bai koya ba, to mai koyarwa ne bai koyar ba.

Matakansa huɗu ne. Ka fara kwantar wa mai koyo hankali, ka ji abin da ya riga ya sani, ka tsayar da shi gefenka inda zai ga hannunka daidai. Sai ka yi aikin a gabansa a hankali, kana faɗin kowace gaɓa, da abin lura a cikinta, da dalilin abin luran. Sai shi ya yi, yana faɗa maka abin da yake yi da dalili, kana gyara nan take, ya maimaita har ka tabbata ya gane. Daga nan ka bar shi shi kaɗai, ka gaya masa wanda zai tambaya in ya kakare, ka riƙa leƙowa akai-akai da farko, sannan ka rage.

Sirrin yana wurin dalili. Ɗauki awon kayan kwaɓi. Tsohon mai kwaɓi ya san cewa a zafin watan Afrilu ruwan sanyi ake sawa, wani lokaci har da ƙanƙara, domin in kwaɓin ya ɗumi da yawa yis zai yi gaggawa, ya tashi ya wuce kima kafin tanda ta shirya, burodin ya faɗa. Ya san cewa da hunturu sai an ɗan ɗumama ruwan, an kuma rufe kwaɓin don kada iskar ta busar da samansa. Ya san ba a zuba gishiri kai tsaye a kan yis. Duk wannan yana hannunsa, bai taɓa faɗa ba, shi ya sa in ya yi zazzaɓi burodin ranar ya lalace. Sa manajanka ya zauna da shi, ya rubuta kowane muhimmin aiki a takarda mai gida uku: gaɓa, abin lura, dalili. Sannan ya koyar da sabon yaro da ita kana tsaye kana kallo ba ka ce uffan ba. Bayan an gama ku koma gefe ka gaya masa inda ya yi sauri da inda ya karɓe aikin daga hannun yaron.

Mataki na biyar: miƙa iko kaɗan-kaɗan, amma na gaske

Wannan ne wurin da yawancin masu gida ke komawa baya. Suna son manaja, amma ba sa son a yanke komai sai da su.

Kada ka miƙa komai rana ɗaya. Ɗauki kowane abu a takardar nan ka hau da shi hawa-hawa. Da farko ka ce, "Je ka duba, ka zo ka gaya min, ni zan yanke," kuma in ka yanke ka gaya masa dalilin da ya sa ka yanke haka. Bayan ɗan lokaci ka daina karɓar tambaya tsirara. In ya zo ya ce mai rabo yana neman a ɗaga masa ƙafa, ka ce, "Kai me ka gani?" ka yi shiru har ya amsa. In shawararsa ta riƙa dacewa, ka ce ya yanke amma ya gaya maka kafin ya aiwatar. Gaba kuma ya yi, ya gaya maka da yamma. A ƙarshe ya yi kawai, ka gani a lissafin wata. Abu ɗaya zai iya kaiwa hawa na ƙarshe cikin wata guda, kamar tsara wanda zai yi aikin dare, wani kuma kamar ba da bashi ya shekara yana hawa na uku. Ba dole su tafi tare ba.

Kuɗi kuwa sai da adadi a rubuce. A ce, duk gyara ko sayayyar da ba ta wuce naira dubu ɗari ba ya yi da kansa ya ajiye rasit, wadda ta wuce ya kira ka. Bashi kada ya wuce kaza ga mutum ɗaya, kada ya wuce kwana kaza. Adadin kai za ka sa gwargwadon ƙarfin wurinka, ka riƙa ɗaga shi yayin da yake nuna ya iya, kuma ka sabunta shi in farashi ya tashi, don dubu ɗarin bara ba ita ce ta bana ba.

Za a gwada ka, kuma a makon farko. Wani zai jira manaja ya fita, ya matso yana sosa ƙeya: "Alhaji, da ma ina so in je gida ranar Alhamis." Amsarka ɗaya ce: "Ka gaya wa manaja? Me ya ce?" In ya ce ya hana, ka ce, "To, abin da ya ce shi ne." Ko da a ranka kana ganin da kai ne da ka bari. In kana da magana, kira manajan a keɓe ka ji dalilinsa, in ya gamsu ya je da bakinsa ya sauya. Ranar da ka warware hukuncinsa a gaban yara, ranar ka sauke shi, ko da ka ci gaba da biyansa albashin manaja. Daga nan kowa ya gane hanya, shi ma ya gane cewa abin da ya fi masa lafiya shi ne ya riƙa turo maka komai.

Haka kuma 'yan gida. Ɗanka ya zo ya ce a ba shi dubu ashirin daga ciniki, ƙanenka ya aiko a loda masa burodi na biki. Manaja ba zai iya hana su ba sai kai ka ba shi bakin hanawa. Gaya wa iyalinka da kanka cewa duk mai buƙata wurinka zai zo. Kai ma in ka ɗauki kuɗi daga aljihun tebur, sa a rubuta sunanka da adadin. Maigidan da ke ɗiba ba rubutu ba shi da bakin tambayar inda kuɗi suka shiga a ƙarshen wata.

Idan abubuwa da yawa suka kai hawa na huɗu, yi tafiya da gangan, ta kwana uku, ka ce kada a kira ka sai in gobara ce ko rai. Ba a fafe gora ranar tafiya, gara ka ga inda zai yoyo yanzu da kake iya dawowa. In ka dawo kada ka fara da neman laifi, ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya.

Mataki na shida: buɗe masa lissafi

Mu kan ɓoye riba kamar sirrin gida, sannan mu yi mamakin yaro bai damu da asara ba. Ba dole ka nuna masa komai ba, amma dole ya san lambobin da aikinsa ke juyawa. Burodi nawa ya kamata buhun fulawa mai kilo 50 ya fitar a gidanku, nawa ya fitar jiya? Nawa ya ƙone, nawa ya dawo daga masu rabo? Dizal ko itace nawa aka ci? Bashi nawa ke waje, wanne ya wuce mako biyu? Lambobi biyar ko shida sun isa. Ya rubuta su kullum da hannunsa, domin wanda ke rubutawa shi ke fara ganin in abu ya soma karkacewa. Ranar da ya zo da kansa ya ce, "Alhaji, kwana uku ke nan buhu yana rage mana burodi, ina zargin sikelin nan," to ka fara samun manaja.

Ka kuma gaya masa layin da ba a tsallakawa don neman riba. Hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin bromate a burodi, kuma rage awo haramun ne tun kafin a yi hukuma. In kana matsa masa a kan lambobi ba ka faɗi wannan ba, wata rana zai nemi gajeriyar hanya.

Yarda da mutum ba ta hana tsari. Wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke rubuta lissafi, wanda ke riƙe makullin sito kada ya zama shi ke ƙirga kaya a ƙarshen wata. Kuɗin ciniki su shiga asusun kamfani, kada su bi ta asusun kowa. Ka bayyana masa cewa wannan kariya ce gare shi, don ranar da kaya suka ɓace takarda ce za ta wanke shi daga bakin mahassada.

Mataki na bakwai: zaman mako

Ware rabin awa kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ku biyu, waya a kife. Shi zai fi magana. Me ya tafi daidai, me ya kakare, wane ma'aikaci ne ke damunsa, me yake buƙata daga gare ka. In an yi ɓarna, akwai tambayoyi huɗu da sojojin Amurka ke yi bayan kowane atisaye, kuma suna aiki a ko'ina: me muka yi niyya, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za mu yi daban nan gaba. Babu "wa ya yi" a ciki, shi ya sa ake samun gaskiya.

Ka rarrabe kuskure da ha'inci. Wanda ya ba da bashi da kyakkyawar niyya aka cinye, kuɗin makaranta ka biya, ku zauna ku fitar da darasi. Wanda ya ɓoye ko ya yi ƙarya, wannan wata magana ce daban. In ka yi wa na farko hukuncin na biyu, ka koya masa ɓoyewa da hannunka.

A wannan zaman ne kuma za ka koya masa abin da ya fi komai wuya, wato tsawatar wa wanda jiya suke cin abinci a kwano ɗaya. Ya kira shi gefe, ya faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, ya ji ta bakinsa, su tsayar da abin da za a gyara da lokacin da za a duba. Kada ya zagi iyaye, kada ya tara laifin wata uku ya zazzage rana ɗaya. Ku gwada tare: kai ka zama yaron da ya makara, shi ya yi maka magana.

Kwas da bita

Suna da amfani in sun zo bayan nauyi, domin wanda ya riga ya sha wuyar bin bashi shi zai fahimci darasin lissafi. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, yana shirya kwasa-kwasai, kuma kamfanonin da doka ta ɗora wa biyan kashi 1 cikin 100 na albashin shekara suna iya neman a mayar musu da wani ɓangare in sun horar da ma'aikatansu bisa ƙa'ida. Hukumar SMEDAN ma tana yi wa masu ƙananan sana'o'i bita. Duk wanda ka tura, in ya dawo ya koyar da sauran abin da ya jiyo, ya kuma zaɓi abu ɗaya da zai canja a wannan watan. Wani lokaci ma yini guda a gidan burodin wani aminin ka da ya fi naka tsari ya fi kwas ɗin otal amfani.

Haƙƙinsa, da abin yi in bai iya ba

Kada ka ƙara wa mutum nauyi ka bar albashinsa yadda yake kana cewa "za mu gani." Ku yi magana a fili tun farko: nawa yanzu, nawa bayan wata shida in an kai kaza, kuma in akwai kaso daga riba a rubuta yadda za a lissafa shi, da shaidu. Wasu na tsoron in sun koya wa yaro komai zai tafi ya buɗe nasa. Wasu za su tafi, wannan gaskiya ne. Maganinsa shi ne ka biya shi yadda zama zai fi masa tafiya, kuma tun daga wata na shida ka sa shi ya fara rainon mataimaki da irin matakan da ka bi da shi. In ya tashi tafiya duk da haka, ku rabu da mutunci, ka sa masa albarka, wataƙila gobe shi ne zai riƙe maka reshe ko ya zama babban mai sayen kayanka.

Yana kuma yiwuwa ka yi duk wannan mutumin ya kasa. Shi ya sa yake da kyau tun ranar farko ka ce masa gwaji ne na wata shida, kuma tsohon aikinsa na nan. Kafin ka yanke cewa ya kasa, ka duba ko ka sakar masa da gaske, ko ka ba shi takarda kana riƙe da makulli. In ka tabbata daga gare shi ne, kada ka ja lokaci, domin ma'aikata sun riga ka gani kuma nagarin cikinsu ne za su fara guduwa. Kira shi a keɓe, ka faɗi abubuwan da kuka sha tattaunawa a zaman mako don kada ya zo masa a ba-zata, ka mayar da shi inda ya fi ƙarfi da suna mai daraja, kamar babban mai kwaɓi ko mai kula da inganci, ba tare da ka zaftare masa abin da ya saba kai wa iyalinsa ba in da hali. Ka bar shi ya zaɓi yadda za a gaya wa sauran, kuma ku tsaya tare ranar da za a faɗa.